Jami'o'in da biranen Ingila suka gina da kuɗinsu: har yanzu na 'yan gari ne?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake son masana su warware mini. An ce a Ingila akwai jami'o'in da ba gwamnati ce ta kafa su ba, ba kuma coci ba, mutanen gari ne suka yi karo-karo suka gina abarsu: Manchester, Birmingham, Liverpool, Leeds, Sheffield da Bristol. Har an ce ta Sheffield, ma'aikatan ƙarfe da masu haƙar kwal ne suka riƙa ba da kwabo-kwabo daga ladan aikinsu. Ni dai abin bai shige ni ba. Leburan da ya san da wuya ɗansa ya taka ƙofar jami'a, me zai sa ya ba da guminsa? In ma gaskiya ne, yau da makarantun nan suka cika da 'yan China da Indiya da Najeriya masu biyan kuɗi da tsada, me ya rage tsakaninsu da garin? A ganina suna ne kawai.

Dogo_Mai_Shayi:
Wa alaikumus salam. Ni duk garuruwan da ka lissafa a gidan kallon ƙwallo na san su. Ashe har da boko suke yi. Bari in gyara zama.

Malam_Tarihi:
Baban Walida, labarin gaskiya ne, amma sai an koma baya kaɗan kafin a gane shi.

Kusan shekara 600 Ingila ta yi da jami'a biyu tak, Oxford da Cambridge, kuma dukkansu a hannun Cocin Ingila suke. Har zuwa 1854 ba ka shiga Oxford sai ka sa hannu cewa ka yarda da aƙidar wannan coci. A Cambridge za ka iya karatu, amma babu digiri sai ka yi hakan, har 1856. Muƙaman koyarwa kuwa sai a 1871 doka ta buɗe wa kowa. To su attajiran arewa da tsakiyar Ingila, masu masaƙu da masana'antun ƙarfe, da yawansu Kiristoci ne amma ba 'yan Cocin Ingila ba. Suna da kuɗi, garuruwansu sun cika sun batse, ga shi makarantun da ake ji da su ba sa maraba da 'ya'yansu. Ko da sun karɓe su ma, abin da suka fi ba muhimmanci Latin ne da Girkanci da lissafi, ba abin da zai gyara rini ko narka ƙarfe ba.

A Manchester aka fara. Wani ɗan kasuwar auduga da yadi, John Owens, ya mutu a 1846 bai bar mata ko ɗa ba, ya yi wasiyya da kusan fam 100,000 a buɗe kwaleji, da sharaɗin kada a tambayi malami ko ɗalibi aƙidarsa. Aka buɗe a 1851 a wani gida a titin Quay. Daga nan sauran suka biyo: Leeds a 1874, Bristol a 1876, Sheffield a 1879 da kuɗin Mark Firth mai masana'antar ƙarfe, Birmingham a 1880 da kuɗin Josiah Mason mai ƙera bakin alƙalami, Liverpool a 1881. Duk kwalejoji ne a lokacin. Zamansu jami'o'i masu cin gashin kansu ya zo tsakanin 1900 da 1909, Birmingham a gaba, Bristol a ƙarshe.

Ummu_Hanan:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma duk sunayen da ka kawo na masu kuɗi ne. Ina talakawan da Baban Walida ya tambaya?

Malam_Tarihi:
Amin, Hajiya. Sheffield ce ta fi shahara da wannan. Da ake neman kwalejin ta zama jami'a, a 1904 an yi gangamin tara kuɗi a cikin gari da kewaye, aka samu sama da fam 50,000, kuma ma'aikatan ƙarfe da na ma'adinan kwal da na sauran masana'antu sun sa hannu da 'yan kwabbansu. Takardun da aka manna a bango sun yi musu alkawari a fili: jami'ar ta jama'a ce, za ta kawo ilimi mai zurfi inda ɗan ma'aikaci zai iya kaiwa, za ta taimaki sana'o'in garin, za a riƙa nazarin cututtuka da maganinsu a cikinta, kuma Sheffield ba za ta ci gaba da zama babban birni ɗaya tilo a Ingila da ba shi da jami'a ba. Aka ba ta izini a 1905.

Gwanin_Lissafi:
Ku lura da alkawari na ƙarshe. Kishin gari ne ya fi komai aiki a nan. Tun 1880 akwai jami'ar haɗin gwiwa mai suna Victoria, mazauninta Manchester, Liverpool ta shiga a 1884, Leeds a 1887. Sheffield ta nemi shiga aka ƙi ta. Da Birmingham ta samu tata ita kaɗai a 1900, sai Liverpool ta ce ita ma ba za ta zauna a ƙarƙashin kowa ba, ta fice a 1903, Leeds ta tsaya da ƙafarta a 1904. Kana jin mutumin Sheffield zai yarda a ce Leeds, da ke nan kusa da shi, tana da jami'a shi ba shi da ita? Ko ɗansa ba zai shiga ba zai bayar.

Sannan kada labarin kwabo ya rufe mana ido. Yana da daɗin ji, shi ya sa jami'ar take maimaita shi, amma manyan gine-gine da kujerun farfesoshi masu hannu da shuni ne suka biya, majalisun gari kuma suka ƙara daga harajin gidaje.

Injiniya_Zazzau:
Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowace ta ɗauki sana'ar garinta ta mai da ita karatu. Leeds garin ulu ne, sai aka buɗe sashen saƙa da na rini da tallafin ƙungiyar masu sana'ar tufafi ta Landan, har da sashen jima a 1891. Jima fa, wadda mu muke gani aikin wari ce. Sheffield ta kama ilimin ƙarfe, daga baya a 1915 ta buɗe sashen gilashi. Birmingham ta yi sashen haƙar ma'adinai, har ramin kwal na gwaji suka haƙa a cikin makaranta don ɗalibi ya san yadda ƙarƙashin ƙasa take kafin ya tafi aiki. Ita ce kuma ta fara buɗe tsangayar kasuwanci a Ingila a 1902. Mai masana'anta ba sadaka yake yi ba, don tuwon gobe yake wanke tukunya. Jamus ta fara wuce su a harkar sinadarai da rini saboda jami'o'inta suna yaye masana, suka ga in ba su tashi ba kasuwa za ta ƙwace.

Dogo_Mai_Shayi:
Injiniya ka ɓoye ɗaya. An ce Birmingham har makarantar dafa giya gare ta.

Injiniya_Zazzau:
Ban ɓoye ba Dogo, kunyar Hajiya na ji. Gaskiya ne, masu kamfanonin giya na yankin ne suka ba da kuɗinta. Masu zolaya a lokacin sun sami abin faɗa, suna cewa ga jami'ar da ake ba da digiri a kan tukunyar giya.

'Yar_Maradi:
Ina karatu a ɗaya daga cikin garuruwan nan, kuma ina so in goyi bayan Baban Walida a rabin maganarsa. Unguwar da nake zaune a da ta iyalai ce, yanzu kusan kowane gida an yanka shi ɗaki-ɗaki an zuba ɗalibai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce mini makarantar firamaren layin an rufe ta tuntuni don babu yara. Lokacin hutu unguwa ta koma kufai, lokacin karatu kuma hayaniya da shara. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne ba ya biyan harajin gida ga majalisar gari, doka ce ta yafe. Kuɗin haya ya hau, 'ya'yan unguwar sun koma bayan gari. Ita wannan tsohuwa ba ta taɓa shiga harabar jami'ar ba duk da tana hango hasumiyarta daga tagarta. In ka ce mata jami'ar tata ce dariya za ta yi maka.

Tsohon_Dalibi_82:
'Yata, abin da kika faɗa haka yake, kuma ba garinku kaɗai ba. Selly Oak a Birmingham, Fallowfield a Manchester, Headingley a Leeds, duk labarin ɗaya ne. Amma ki tambayi tsohuwar, in ciwo ya kama ta ina ake kai ta? Asibitin koyarwa. Likitan da zai duba ta, da mai jinyar, da malamin da ya koyar da jikokinta, akasari daga makarantun garin suka fito. Asibitin Queen Elizabeth na Birmingham jingine yake da jami'a, babban asibitin Manchester yana kan titi ɗaya da ita. Gidan tarihi na jami'ar Manchester kyauta ake shiga, ranar Asabar cike yake da yaran gari. Mutum yana iya cin moriyar abu kullum bai san daga ina yake zuwa ba.

'Yar_Maradi:
Baba, na yarda da asibiti. Sai dai asibitin na hukumar lafiya ta ƙasa ne, da jami'a ko babu gwamnati za ta gina wa gari mai wannan girma asibiti. Abin da nake nufi, ita ba ta jin tana da ta cewa a ciki.

Malam_Tarihi:
Wannan kalma ta "ta cewa" ita ce inda gizo ke saƙa. A farko 'yan gari suna da ta cewa don su ke biya. Majalisar gudanarwar jami'a cike take da 'yan kasuwa da kansiloli, su ke riƙe da lalita, farfesoshi ma'aikatansu ne. Kwalejin Nottingham ma da aka buɗe a 1881 majalisar gari ce ke tafiyar da ita kai tsaye. Ɗalibai kuma yawanci 'yan gida ne: su hau jirgin ƙasa ko taragon cikin gari da safe, su koma gidan iyayensu da yamma. Da yawa ma da dare suke zuwa bayan sun tashi daga aiki.

Sai kuɗin Landan ya fara shigowa. A 1889 baitulmali ta ba kwalejojin fam 15,000 su raba, ɗan kaɗan ne. A 1919 aka kafa kwamitin da ke raba wa jami'o'i kuɗin gwamnati. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin tsakiya ta zama ita ce babbar mai ciyarwa. Sannan dokar 1962 ta wajabta a biya wa duk wanda ya sami gurbin digiri kuɗin makaranta, a ba shi na abinci da ɗaki gwargwadon ƙarfin iyayensa. A daidai lokacin aka kafa ofishi guda na neman gurbi a duk ƙasar. Yaron Sheffield ya ga ba dole ya zauna gaban iyayensa ba, ya tafi Bristol, na Bristol ya tafi Leeds. Jami'a ta zama kamar ɗan riƙo, wanda ke ciyar da shi shi yake kira Baba.

Gwanin_Lissafi:
Kuma masana'antun da suka haife su sun mutu. Masaƙun Lancashire sun rufe, ƙarfen Sheffield ya durƙushe a shekarun 1980, ma'adinan kwal suka bi. Ko jami'a tana son ta riƙe tsohuwar alaƙa, da wa za ta riƙe? Abin ma ya juye: a yawancin garuruwan nan jami'o'i da asibitoci ne yanzu manyan masu ɗaukar ma'aikata.

Bakatsine_77:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Kuna ta yabon attajiran nan kamar waliyyai. Kuɗin daga ina? Audugar da ta yi Manchester bayi ne suka noma ta a jihohin kudu na ƙasar Amurka har zuwa yaƙin basasarsu. Liverpool ta yi ƙiba da jiragen cinikin bayi. Bristol kuwa Henry Overton Wills ne ya yi alkawarin fam 100,000 a 1908, shi ya buɗe mata hanyar zama jami'a, kuma dukiyar gidansu ta taba ce, tabar da aka daɗe ana sayowa daga gonakin bayi. Ɗalibai sun yi ta neman a cire sunan Wills daga babban ginin jami'ar. A 2023 hukumar makarantar ta ce sunan zai zauna, amma ta cire alamar Edward Colston, dillalin bayi, daga tambarinta, ta kuma ware fam miliyan 10 na shekara goma don ayyukan gyara. To in ana maganar "gari ya gina", a tuna da waɗanda ba 'yan garin ba amma guminsu yana cikin bulon.

Malam_Tarihi:
Bakatsine bai karkata ba, yana kan hanya. Zan ma ƙara masa wanda ya shafe mu kai tsaye. Joseph Chamberlain, wanda ya tsaya kai da fata har Birmingham ta sami jami'a, ya zama ubanta na farko, doguwar hasumiyar agogon da ke tsakiyarta ma sunansa take ɗauke da shi. Ya yi magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, ya karɓe ruwa da gas daga hannun kamfanoni ya mai da su na gari, ya rushe unguwannin ƙazanta. Mutanensa suna ganinsa gwarzo. Shi ne kuma ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903, shi ya ɗora Lugard a kan rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, kuma yana kan kujerar aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Shekarar da ya ga jami'arsa ta tabbata, 1900, ita ce shekarar da aka shelanta Arewa a ƙarƙashin Turawa.

Sai Alfred Jones na Liverpool, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ke zirga-zirga zuwa Ikko. Shi ya assasa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a Liverpool a 1898, don zazzaɓi yana kashe masa ma'aikata. Ronald Ross, wanda ya tabbatar sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, a can ya koyar, ya karɓi kyautar Nobel a 1902. Shi dai Jones ɗin ne ya shugabanci ƙungiyar noman auduga ta BCGA da aka kafa a Manchester a 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurza a ƙasar Zazzau da Funtuwa.

Bakatsine_77:
To ka gani. Har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan BCGA. Ashe mu ma mun yi karo-karon, ba a dai rubuta sunanmu a bango ba.

Ummu_Hanan:
Ni kuma tambayata mata. An ce jami'ar jama'a ce, to har da su?

Tsohon_Dalibi_82:
Ya danganta da gari, Hajiya. Wasiyyar Owens samari ta ambata, sai a 1883 aka fara karɓar mata a Manchester. Bristol kuwa tun ranar da ta buɗe a 1876 ta karɓi mata daidai da maza, ban da likitanci. Kuma duk waɗannan sun riga manyan: Oxford ba ta ba mace digiri ba sai 1920, Cambridge sai 1948. Zama a gida ya taimaka a nan, don uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi wani gari ba yana iya barinta ta je aji ta dawo kafin dare. Yawancinsu aikin koyarwa suka shiga.

Alhajin_Hamburg:
Salam. Kuna magana kamar Ingilishi ne suka ƙirƙiro abin. Jami'ar Edinburgh ta Scotland majalisar gari ce ta kafa ta tun wajen 1583, kuma kansiloli ke naɗa farfesoshi har 1858. Cologne a nan Jamus, hukumar gari ce ta nemi a kafa mata jami'a a 1388. Frankfurt a 1914 attajiran gari ne suka haɗa kuɗi, da yawansu Yahudawa, suka kafa tasu ba da kuɗin gwamnati ba. Shi kansa Chamberlain an ce bayan ya ga jami'ar Glasgow ne ya ƙudurta sai garinsa ya sami irinta, kuma Andrew Carnegie da ya ba shi fam 50,000 ya shawarce shi ya aika mutane su duba yadda Amurka ke yi. Ingila ce ma ta makara.

Dogo_Mai_Shayi:
Alhaji ya shigo da Bundesliga kenan.

Gwanin_Lissafi:
Alhaji ya yi daidai. In kuma ana son ganin kishiyar abin, a duba Oxford. Can jami'a ce ta hau kan gari. A 1355 rigima ta tashi a wata mashaya tsakanin ɗalibai da mai gidan a kan ingancin ruwan inabi, ta zama yaƙin kwanaki, aka kashe ɗalibai wajen 60 da 'yan gari wajen 30. Sarki ya goyi bayan jami'a. Aka ɗora wa magajin gari da mutanensa zuwa coci kowace shekara su biya kwabo ɗaya a kan kowane ɗalibi da ya mutu, kuma ba a daina ba sai 1825. Shekara 470 ana cin tararsu. Idan ka kwatanta da wannan, ko yau Sheffield da jami'arta 'yan uwa ne.

Baban_Walida:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ba wanda ya rushe maganata ta biyu. Malam Tarihi ma ƙarfafa ta ya yi. Kuɗi ya bar hannun gari ya koma Landan, yanzu kuma ya koma hannun ɗalibai. An fara biyan fam 1,000 a 1998, ya zama 3,000 a 2006, ya zama 9,000 a 2012, baƙi kuma suna biyan ninkin haka. Shugaban jami'a zai fi damuwa da ofishin biza da jadawalin jami'o'in duniya a kan abin da kansilan unguwa ke so. Da aka hana baƙi masu karatun digiri na biyu zuwa da iyalansu a farkon 2024, ai kun ga yadda hankalinsu ya tashi. Wace doka ta majalisar gari ce ta taɓa tayar musu da hankali haka?

Injiniya_Zazzau:
Yallabai, ga misali ɗaya da zai rage maka zafi. A Orgreave, gefen Sheffield, inda aka yi mummunar arangama tsakanin 'yan sanda da masu haƙar kwal a yajin aikin 1984, wurin ya zama kango bayan an rufe masana'antar gasa kwal da ke can. Jami'ar Sheffield ta haɗa kai da Boeing a 2001 suka kafa cibiyar binciken ƙere-ƙere, kuma a wannan fili take yanzu. Rolls-Royce da McLaren sun zo sun kafa masana'antu a kusa. Akwai cibiyar koyon sana'a a ciki da ke ɗaukar matasan yankin, suna aiki suna karatu ana biyansu. In ba wannan ne cika alkawarin 1904 ba, ban san mene ne ba.

Gwanin_Lissafi:
Injiniya, ga nawa misalin. A 2004 aka fitar da graphene, wani siririn sinadari mai matuƙar ƙarfi, a jami'ar Manchester, mutum biyun da suka yi aikin suka sami Nobel a 2010, an gina cibiya ta musamman a kansa. Je ka unguwannin talakawan garin ka tambaya me ya canza musu. Haka kwamfutar farko mai ajiye umarninta a ciki, a Manchester ta fara aiki a 1948, amma ba can manyan kamfanonin kwamfuta na duniya suka tsiro ba. Ilimi ba ya zama inda aka haife shi. Naka misalin ya yi aiki ne don akwai ragowar masu sana'ar ƙarfe a yankin da za su kama.

Tsohon_Dalibi_82:
Akwai abin da duk muka tsallake. Kowane gari a cikin shidan nan yana da wata jami'ar. Kwalejojin fasaha ne a da, a ƙarƙashin ƙananan hukumomi suke har 1989, aka mai da su jami'o'i a 1992: Sheffield Hallam, Manchester Metropolitan, Liverpool John Moores, Birmingham City da sauransu. Su ne suka fi ɗaukar yaran gari masu kwana a gida, da magidanta masu karatu bayan aiki, su ke yaye masu jinya da malaman firamare da yawa. In Baban Walida yana neman jikar kwalejin Owens ta gaskiya, ta yiwu ba a ginin jan bulo na tsohuwar jami'a zai same ta ba, a tsallaken titi take. Sai dai su ba su da suna a jadawalin duniya, mu ma in za mu tura 'ya'yanmu tsohuwar muke nema.

Af, ɗaya daga cikin gine-ginen Manchester Metropolitan yana ɗauke da fuskar tsohon zauren da aka yi taron 'yan kishin Afirka na 1945, wanda Nkrumah da Kenyatta suka halarta. Wanda ya je ya leƙa, akwai allon tunawa a bango.

'Yar_Maradi:
Baba ya faɗi gaskiya a kan wannan. Yarinyar da ke sayar mana da burodi a shagon unguwa a irin wannan jami'ar take karatun jinya. A ajinmu kuwa da ƙyar ka ji mai karin harshen garin.

Malam_Tarihi:
Su kansu sun san da ɓarakar. A ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta 2016 shugabannin jami'o'i sun fito sun ce a zauna, amma Sheffield da Birmingham suka zaɓi ficewa, ko da yake da ƙaramar rata. Wannan ya girgiza su. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Kerslake, wanda ya taɓa zama babban jami'in majalisar birnin Sheffield, ya fitar da rahoto a 2019. Ya ce jami'o'i suna yin ayyukan alheri nan da can amma ba su da tsari, ya nemi kowace ta zauna da hukumomin garinta su rubuta yarjejeniya. Abin da ya fi nuna damuwa a kai shi ne durƙushewar karatun manya, wato azuzuwan dare da na wucin gadi, waɗanda su ne asalin abin tun farko. Jami'o'i da dama sun sa hannu.

Gwanin_Lissafi:
Sa hannu ba shi da tsada, Malam.

Ummu_Hanan:
To mu fa? Ba mu da irinsu?

Injiniya_Zazzau:
Hanyarmu daban ce Hajiya. Namu daga sama suka zo. Ibadan a 1948 gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, tana ba da digirin Landan, kamar yadda Nottingham da Southampton da Leicester suka yi kafin su sami 'yanci. ABU a 1962 gwamnatin Jihar Arewa ce. Wadda ta fi kusa da wancan salo ita ce Al-Qalam ta Katsina, da wata gidauniyar al'umma ta kafa a 2005. Amma ta fuskar ɗaukar sana'ar ƙasa a mai da ita bincike, cibiyar aikin gona ta Samaru ta yi, duk manomin da ya shuka irin masara na SAMMAZ ko irin wake na SAMPEA ya ci moriyarta.

Bakatsine_77:
Kada mu buɗe wannan babin a nan, sai mu kwana. A buɗe masa zaure daban.

Baban_Walida:
Na yarda a bar namu. Tambaya ɗaya ga Tsohon Ɗalibi: in har tsofaffin kwalejojin fasahar ne suka gaji aikin, ashe ka yarda da ni kenan cewa manyan shidan sun bar gari?

Tsohon_Dalibi_82:
A'a, ban ce haka ba. Cewa na yi aikin ya rabu biyu. Ɗaya tana koyar da 'ya'yan gari, ɗaya tana jawo wa gari kuɗi da suna da likitoci da kamfanoni daga waje. Mutanen 1904 duka biyun suka nema a takarda ɗaya. Ka cire tsohuwar jami'a daga Sheffield yau ka ga shaguna nawa za su rufe, direbobin tasi nawa za su ajiye mota.

'Yar_Maradi:
Masu gidajen haya ne za su fi kowa kuka, Baba, kuma da yawansu ba ma a garin suke zaune ba.

Gwanin_Lissafi:
Gwajin da zan yi mai sauƙi ne. A sake manna takardar nan a Sheffield gobe, a ce kowane ma'aikaci ya kawo fam ɗaya don jami'a. Injiniya yana ganin za a tara, ni ina ganin za a tambaye su ina kuɗin 'yan China.

Injiniya_Zazzau:
Ban ce za a tara a ko'ina ba. Amma a manna ta a ƙofar cibiyar koyon sana'a ta Orgreave ranar da iyaye suka zo bikin yaye 'ya'yansu, sannan mu yi magana.